Yaya zan yi wa mutanen unguwa magana su yarda da ni, bayan kwamitin baya ya tafi da kuɗinsu?

Ɗan Layin Famfo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen masu ilimi da waɗanda suka saba tsayawa gaban mutane. Bohol ɗin unguwarmu ya lalace yau kusan wata biyar kenan, injin ne ya ƙone, to sai mu matasa muka zauna muka ce a haɗa kuɗi a sa na sola kowa ya huta da sayen mai da jiran wuta, kuma suka ce ni zan yi wa mutane bayani wai don na ɗan yi boko. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan isha'i liman ya ba ni dama na miƙe, wallahi na shirya, har rubutu na yi shafi biyu, na kawo aya na kawo falalar shayar da ruwa na yi bayanin yadda sola take aiki da batir da komai, ina cikin magana ina ganin mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma, da na gama wani dattijo daga sahun gaba ya ce "to yaro, na taransifoma fa?" shi kenan aka kwashe da dariya aka watse, ko sisi ba a yi alkawari ba.

Abin da ya sa ya faɗi haka, shekara uku baya an taɓa kafa kwamiti aka karɓi dubu biyar biyar a kowane gida za a gyara taransifoma, ba a ga gyara ba ba a ga kuɗi ba, har yau ba wanda ya fito ya ce ga yadda aka yi. Ni lokacin ina bautar ƙasa ma ba na gari. Amma ba zan ɓoye muku ba, ma'ajin wancan kwamitin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata.

Yanzu mai unguwa ya ce a sake zama Asabar ta sama a ƙofar gidansa. Me zan ce, ta ina zan fara? Ko in janye kawai wani ya yi?

Malamin Islamiyya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da niyya. Kar ka janye tukuna.

Malaman balaga da za su faɗi mene ne balaga ba su ce tsara kalmomi masu daɗi ba, cewa suka yi magana ta dace da abin da halin da ake ciki yake nema. To kai halin da ka tarar shine mutanen da maciji ya sara, kai kuma ka zo musu da tsumma kana musu bayanin kyan zarensa. Ba wanda ke musun falalar shayar da ruwa a masallacin nan, duk sun sani, wasu sun fi ka sani. Tambayar da ke ransu ɗaya ce tak, kuma ba ka taɓa ta ba sai da dattijon ya taɓa maka. Da kai ka fara faɗarta da bakinka da ba a yi dariyar ba.

Ka duba abin da ya faru bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira. Annabi (SAW) ya raba ganima ya ba manyan Ƙuraishawa da sababbin shiga Musulunci kaso mai yawa, mutanen Madina ba su samu ba, sai ƙorafi ya fara yawo a tsakaninsu. Bai yi kamar bai ji ba. Ya tara su su kaɗai, ya ambaci maganar da ta iso masa, ya tuna musu ni'imar da Allah ya yi musu ta dalilinsa, sannan, nan ne wajen da nake so ka lura, shi da kansa ya faɗi hujjarsu, ya ce da kun so da kun ce ka zo mana ana ƙaryata ka muka gaskata ka, ka zo korarre muka ba ka masauki, kuma da kun faɗa da gaskiya kuka faɗa. Bayan haka ne ya tambaye su ko ba su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma su kuma su koma gida da Manzon Allah ba. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe. Wato mutum in ya ji ka faɗi ƙorafinsa fiye da yadda shi zai iya faɗa, ya daina shirya maka raddi a ransa, sai ya fara saurare.

Sannan ka rage tsawo. Shafi biyu bayan isha'i, mutane ba su ci tuwo ba? A Sahihu Muslim an ruwaito cewa tsawaita sallah da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Kuma Anas ya ce Annabi in ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku don a gane. Ka ga kenan abu kaɗan a maimaita, ba abu da yawa a jere ba.

Ɗan Kamasho:

hahaha "na taransifoma fa" wallahi tsohon nan ya iya. Malam ya faɗi na littafi, bari ni in faɗa maka na tasha, shekarata goma sha a tasha ina kallon masu tallan magani a cikin mota kuma duk wanda yake son koyon jan ra'ayi ya zo ya zauna kusa da su kwana biyu.

Mai maganin basir bai taɓa shigowa ya ce ga magani ku saya ba, ina. Zai fara da addu'ar tafiya, Allah ya kai mu lafiya ya tsare mu da sharrin ƙarfe, dole kowa ya ce amin, to ka ga tun kafin ya fito da kwalba ya riga ya sa bakinka ya amsa masa sau uku. Sai ya ɗan tsokani direba ko wata tsohuwa a yi dariya. Sai ya fara siffanta ciwon, akwai wanda in ya zauna kamar an ɗora masa dutse a ƙugu, akwai wanda in ya ci wake cikinsa sai ya yi ta ƙugi kamar tsohon janareta, kai kana zaune sai ka ji kamar leƙa ka ya yi a gida, alhali rabin motar haka suke ji. Sai a ƙarshe maganin ya fito. Kuma wani lokacin akwai nasu a kujerar baya wanda zai ce "ba ni biyu, na taɓa saya a Zariya ya yi min aiki", daga nan sai ka ga hannuwa suna tashi, don ba wanda ke son ya zama na farko amma kowa na iya zama na huɗu.

Ba cewa nake ka yi ƙarya ba, ka ɗau na halal ɗin ka bar sauran. Kai da sola ka fara, wato ka fito da kwalba kafin ciwo. Ka fara da yaran da ake tasa da asuba da jarkoki suna makarar makaranta, da mai garuwa da sai ka roƙe shi da kuɗinka, ka bari su da kansu su ce wallahi haka ne. Kuma kafin Asabar ɗin ka bi mutum uku ko huɗu da ake jin nauyinsu a gida ka gama da su, kana rufe baki ɗaya ya miƙe ya ce ni na ba da kaza, ya ajiye a gaban mai unguwa kowa na gani. Taro ba a wajen taro ake cin sa ba, a zaure ake cin sa da daddare, wajen taro shaida kawai ake zuwa yi.

Maman Biyu:

Ƙanena sannu da ƙoƙari. Ni abin da ya ban mamaki duk cikinku ba wanda ya tambaya, su waye ke shan wahalar ruwan nan? Ka je ka yi wa maza jawabi a masallaci, mazan da da yawansu ba su san jarka nawa ake sha a gidansu a rana ba, su dai su tarar da buta a cike. Mu da muke tsakuro kuɗin garuwa daga kuɗin cefane ba wanda ya zo mana. Ka samu malamar islamiyyar matan aure ko wata dattijuwa da ake jin maganarta ta isar da saƙon, ka gani in mazan ba su zo taron Asabar da kunnuwa a buɗe ba, don an riga an yi musu nasu jawabin a ɗaki.

Ni uwar adashe ce shekara tara, mata talatin da biyu ke zubi a hannuna, kuma wallahi ban iya magana ba, in na tsaya gaban mutane muryata rawa take. Abin da ya riƙe ni littafi ne. Duk wadda ta zuba ana rubutawa a gabanta, duk ranar kwasa ana karantawa kowa na ji, akwai watan da lissafi ya ƙi cika da dubu biyu na faɗa musu da bakina kafin wata ta gano na cika daga aljihuna, tun daga ranar ko me na ce ba a musu. Saboda haka kai ma ka zo da abin da ido zai gani, gani ya kori ji. Takardar farashi daga masu haɗa sola guda biyu ko uku ba ɗaya ba, ka miƙa a zagaya da ita hannu hannu. Ka yi musu lissafi da kuɗin da suka sani, gidan da ke sayen jarka shida kullum a naira ɗari ɗari, dubu goma sha takwas kenan a wata, sai ka ajiye wannan kusa da abin da ake nema a wajensa sau ɗaya ka yi shiru, kar ka ƙara komai, kowa ya iya lissafi in kuɗinsa ne.

Kuma maganar da za ta fi kowace aya da za ka kawo tasiri a wajen nan, ka ce kuɗin nan ba zai shiga hannuna ba. Su zaɓi mutum uku da kansu a wajen, a buɗe asusu da sai dukkansu sun sa hannu, duk Juma'a a liƙa lissafi a bangon masallaci. Ni da ni ce ma dattijon da ya ce na taransifoma fa shi zan roƙa ya zama ɗaya daga cikin ukun.

Tsohon Malamin Sakandare:

Hajiya ta gama magana, musamman batun jawo dattijon nan ciki. Ɗan ƙari zan yi, da kuma ɗan saɓani da Ɗan Kamasho.

Wannan tambayar taka tsohuwa ce ƙwarai. Aristotal, wani masani na ƙasar Girka, sama da shekara 2300 da suka wuce, ya ce abu uku ke sa magana ta shiga: halin mai maganar, abin da ta motsa a zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikinta. In ka duba, Ɗan Kamasho ya ba ka na zuciya, Hajiya ta ba ka na hujja, amma ciwonka yana na farkon. Kuma ya ƙara fasa na farkon gida uku, ya ce mutane kan amince da wanda suka ga ya san abin da yake faɗa, kuma mutumin kirki ne, kuma yana nufinsu da alheri. Kai na ɗaya kawai ka nuna ranar Juma'a. Ilimin sola ya nuna ka sani, bai nuna ba za ka ci ba, ai mai ci ma yakan sani, wani lokacin ma ya fi kowa.

Inda na saba da Ɗan Kamasho, mai maganin mota yana sauka a tasha ta gaba, ba zai sake ganin fasinjojin ba. Kai a unguwar za ka kwana, a nan za ka yi aure in ba ka yi ba, a nan za a yi maka jana'iza. Ka bi manya a gida ka shawo kansu, wannan daidai ne, girmamawa ce ma. Amma ranar da aka ji cewa wanda ya fara miƙewa shiri ne kuma bai ba da abin da ya faɗa ba, ka shiga sahun 'yan taransifoma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a unguwa da kowa ya san tukunyar kowa.

Mu da muka taso muna jin labarin Malam Aminu Kano a bakin iyayenmu, abin da suke yawan faɗa ba zaƙin murya ba ne. Tun zamanin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 yake gaya wa talaka abin da talaka ya riga ya sani a jikinsa, haraji da jangali da aikin tilas, da Hausar da mai faskare zai gane, ga barkwanci ga misali. Amma abin da ya sa maganar ta zauna, mutumin ya yi minista a gwamnatin Gowon, ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan kowa ya je ya gani, ba wani katafaren abu ba ne. Rayuwarsa ta riga bakinsa yin jawabin. Ɗan Masanin Kano Maitama Sule kuwa, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2017, shi kam baiwar baki ce, ka nemi bidiyonsa ka kalla ba don ka kwaikwayi muryarsa ba, ka lura da yadda yake tsayawa. Yakan faɗi magana ya yi shiru sai ta sauka, sannan ya ɗora wata. Matasanmu tsoron shiru suke, gani suke in sun tsaya an gane sun manta, sai su yi ta zuba kamar famfon da kansa ya lalace.

Takardar nan ka bar ta a gida. Mai karatu daga takarda ƙeyarsa ake gani ba idonsa ba, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ka cire Turanci gaba ɗaya, kalma ɗaya ta Turanci a gaban dattawa tana iya sa a ce yaron nan ya zo nuna mana boko ne. Ka ce "mu" kar ka ce "ku", kuɗinmu aka ci, gidanku ma ai ya ba da dubu biyar ɗin ko? To faɗi. Kuma kar ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, in an tambaye ka shekara nawa injin zai yi ka ce ga abin da masu haɗawa suka ce, ni ban taɓa haɗawa ba. "Ban sani ba" ɗaya a wajen da ya dace tana sa a yarda da "na sani" goma da suka biyo baya.

Ɗan Layin Famfo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wallahi Hajiya kin ba ni kunya, ko sau ɗaya tunanin mata bai zo min ba, yau da safe na tambayi mahaifiyata nawa muke kashewa a ruwa ta faɗa min sai da na riƙe baki. Gobe in sha Allah zan je gaida dattijon nan.

Saura abu ɗaya da yake hana ni barci, batun kawu. In na fara da zancen taransifoma kamar yadda Malam ya ce, kowa ya san wa ake nufi, zai zama na tsaya gaban unguwa na tona asirin ƙanin uwata. In kuma na yi shiru za a ce ai dama jini ɗaya ne. Ya zan yi?

Malamin Islamiyya:

Kafin ka je wajen dattijon ka fara zuwa wajen kawun naka, kai kaɗai, da ladabi. Ka ce kawu an ɗora min abu kaza kuma dole maganar baya za ta taso, ban so ka ji a bakin wani. Mai yiwuwa akwai bayanin da bai taɓa samun wanda ya tambaye shi cikin mutunci ba, wataƙila kuɗin wani suka ba ya gudu, wataƙila kuma abin da mutane ke zato ne, kai dai ba ka sani ba, kuma tunda ba ka sani ba haramun ne ka yanke masa hukunci a bainar jama'a. Allah da ya aiki Annabi Musa da Haruna wajen Fir'auna ma cewa ya yi su gaya masa magana mai laushi, balle kawu.

A taron kuma ba sai ka kama suna ba, amma dangantakar ka faɗe ta da kanka. Ka ce kun san an karɓi kuɗi a baya ba mu ga aiki ba, kun kuma san ɗaya daga cikin 'yan kwamitin kawuna ne, ni ban san yadda aka yi ba kuma ban zo kare kowa ko tuhumar kowa ba, duk wanda ya yi shakka a kaina yana da gaskiya, shi ya sa ba zan taɓa kuɗin ba. Jimla huɗu, ka wuce. Sayyidina Abubakar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi an ɗora ni a kanku alhali ba ni ne mafi alherinku ba, in na yi daidai ku taimake ni in na karkace ku miƙar da ni. Ka aro wannan ka rufe da shi, ka zauna, ka bar mai unguwa ya karɓa.

Ɗan Kamasho:

Malam na sakandare na karɓi gyara, ni ma ban ce a yi na bogi ba ai. Amma ɗan layi ka ji wata, in kawun ya yarda ya zo taron ya ajiye ko dubu ashirin ne a gaban mutane a matsayin nasa gudummawar, ba sai ya ce uffan ba, wallahi an gama. In kuma ya ƙi to ka tabbata dai ba a sa taron dab da magariba ba, ana kiran sallah za su watse maka irin na ranar nan, ka ce wa mai unguwa bayan la'asar kai tsaye, kuma a shimfiɗa tabarmi, mutum a tsaye ƙafarsa ɗaya tana hanya.